MALAMI YA ZAMA MADUGU

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin Hausa na mujallarmu, in kawo wata shawara gaban 'yan'uwana masu koyon aikin malanta. Shawarar ita ce, kowane ɗayanmu, kafin ya karɓi takardar shaidarsa ya fita duniya, ya kamata ya iya tsara irin wasan nan da na ke kira wasan shiga labari, ya kuma gina shi bisa tarihin garuruwanmu da mutanenmu. Na san akwai waɗanda za su ce, "Af, wasa kuma? Mu da iyayenmu suka aiko mu koyon aiki?" To, a yi mini haƙuri a ji bayani tukuna, sa'an nan kowa ya yanke hukunci.

Ga dalilin da ya sa na ɗauko maganar. Tun wajen shekarar 2009 aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mayar da shi. Watau yawancinmu da mu ke kwalejin nan yau mun yi ƙuruciyarmu ba mu zauna ajin tarihi ba, ga shi kuwa gobe mu za a miƙa wa alli a ce mu koyar da shi. Dabarar da muka gada kuwa guda ce: malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, ran jarrabawa su zubar, bayan mako guda su manta. Yaron Lafiya ya iya gaya maka an kafa Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba 1996. Amma tambaye shi me ya kawo Barebari nan, me ya sa kasuwar garinsu ta yi suna, me ya sa maƙwabcinsu ya ke wani harshe daban a cikin gida, sai ya yi zuru. Abin tsoron shi ne, labarin da makaranta ta ƙi ba yaro, bakin titi zai ba shi, ya kuwa ba shi da guba a ciki.

MENE NE WASAN?

Mutum huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur, ko bisa tabarma. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai jan wasa. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labari ya zama shi, a rubuta a takarda sunansa, da sana'arsa, da abin da ya iya, da abin da ya ke tsoro. Mai jan wasa ya ce, "Kun iso bakin kogi da la'asar, ruwa ya cika, mai jirgi ya ce ba ya fito sai an ninka masa kuɗi. Me za ku yi?" Sai su yi shawara, su faɗi abin da suka zaɓa, shi kuma ya duba dokokin wasa ya gaya musu abin da ya biyo baya. Haka za a yi ta tafiya har labari ya ƙare. Ba mai cin wani, gama duk ƙungiya ɗaya ce.

Bambancinsa da wasan kwaikwayo shi ne, a can an riga an rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Mu da muka tashi a makarantar Mishan mun san wasan Kirsimeti, inda a ke naɗa wa yaro rawani a ce shi makiyayi ne, ya haddace layi biyu ya faɗa ya koma gefe. Bambancinsa da tatsuniya kuma shi ne, a can kaka kaɗai ke magana, jikoki sai sauraro. A wasan shiga labari ko shi mai jan wasan bai san yadda abin zai ƙare ba, domin ƙarshen yana hannun 'yan wasa.

Asalin abin daga wajen koyarwa ya fito. A 1824 wani hafsan soja na ƙasar Purusiya, cikin Jamus ta yanzu, mai suna Georg von Reisswitz, ya nuna wa manyansa wani wasan yaƙi da a ke yi bisa taswira, da alƙali a tsakiya wanda ke karɓar umurnin kowane ɓangare ya faɗi abin da ya auku. Sojojin ƙasar suka karɓe shi don horar da hafsoshi. Bayan shekara 150, a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka buga Dungeons & Dragons a Amurka, 'yan littattafai uku cikin akwati, bugun farko kwafi 1,000. Sabon abin da suka kawo shi ne, maimakon mutum ya ja runduna, sai ya zama mutum ɗaya, wanda zai rayu daga wannan zama zuwa wancan, yana ƙara gwaninta. A ƙasar Denmak akwai makarantar kwana ta matasa mai suna Osterskov, wadda aka buɗe a 2006, inda a ke koyar da darussa ta wannan hanya. Nan kusa da mu ma, kamfanin NIBCARD na Abuja, wanda Kenechukwu Ogbuagu ya kafa don yin wasannin kan tebur na gida, ya sami lambar yabo ta Diana Jones a 2021, wadda masu wannan sana'a na duniya ke girmamawa.

Kada kuwa wani ya ce baƙon abu ne aka kawo mana. Wa bai san kalankuwa ba, inda samari bayan girbi su kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, su yi mulki na 'yan kwanaki? Wa bai ga tashe ba cikin watan azumi, yaro ya sa gemun auduga ya zama tsoho? Ga kuma irin tatsuniyar nan da ba ta ƙarewa sai da tambaya, a ce cikin mutum ukun nan wa ya fi gwaninta, a bar masu sauraro su yi ta gardama har barci ya kwashe su. Marubutanmu ma sun san dabarar. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, tafiyar neman abu guda ce mai tashoshi da yawa. Magana Jari Ce kuwa, na 1937, babban labari ne da ya goya ƙanana, aku yana ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida. Abin da Turawa suka ƙara kawai shi ne doka a rubuce, da takarda mai riƙe lissafi, da ci gaba daga zama zuwa zama.

MADUGU, ZANGO DA AYARI

Tun da ya ke harshenmu yana da kalmomin da suka dace, ba mu da bukatar aro. Mai jan wasa mu kira shi madugu. Zama guda na wasa, wanda ya ke da farko da ƙarshe, mu kira shi zango. Doguwar tafiya kuma wadda ta haɗa zango da yawa, ta ɗauki wata uku na karatu, mu kira ta ayari. Yanzu bari in nuna yadda a ke tsara su, da misali daga ƙasarmu.

Garin Lafiya, wanda a ke kira Lafiyar Barebari, Muhammadu Dunama ne ya kafa sarautarsa wajen ƙarshen ƙarni na 18. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko, tashar jiragen ruwa, wajen kilomita 90 kudu maso yamma. Daga kudu maso gabas kuwa ga Keana, inda matan Alago su ke tace ƙasar gishiri su dafa ruwanta cikin tukwane da rani, ga kuma Awe mai irin wannan arziki. Wannan kaɗai ya ishi malami ya ja ayari na wata uku: a ɗauko gishiri daga Keana a ranin 1902, a kawo shi kasuwar Lafiya, a wuce ta Doma har Loko, a komo gida da riba ko da hasara.

Abu na farko, madugu ya fara da bukata, kada ya fara da jerin shekaru. Ya ba 'yan wasa dalilin da zai tashe su daga gida, ya kuma sa masa wa'adi. Misali, maigidansu ya ci bashi, mai bashi ya ce in damina ta faɗi ba a biya ba zai karɓe jakuna. Da ka faɗi haka yara sun san abin da su ke nema, sun san kowace ranar da suka ɓata a hanya tana da tsada. Labarin da ba shi da bukata da wa'adi ya kan zama kamar hira a gindin bishiya, a tashi ba a san inda aka kwana ba.

Abu na biyu, kowane ɗan wasa ya sami aikin da shi kaɗai ya iya. Ayarin dā yana da ma'aikatansa, sai mu are su. Akwai jagaba, wanda ya san hanya da mashaya. Akwai uban dawaki. Akwai malamin ayari, mai rubutu da riƙon lissafi. Ƙara musu tafinta mai jin harsuna uku, da mace mai sanin gishiri, wadda da ta ɗanɗana ta san mai kyau da wanda aka gauraya. Madugu ya tabbata kowane zango yana da wurin da ba a wucewa sai da gwanintar ɗayansu. Ta haka yaron nan mai kunya da ke zaune a bayan aji zai iske ranar da duk idanu ke kansa, domin shi kaɗai ke jin abin da mai jirgi ke cewa.

Abu na uku, taswira. Malami ya zana ta a allo ko a bayan tsohon kwali: Keana, Lafiya, Doma, kogin Mada, Loko, da Keffi can arewa maso yamma. Ya sa hanya biyu ko uku tsakanin wuri da wuri, kowace da amfaninta da aibunta. Ɗaya gajeriya ce amma ta ratsa kurmi. Ɗaya tana da tsaro amma akwai garama a ƙofar gari. Kafin a gama ayari yaro ya san gabas da yamma na jiharsa ba tare da an ce masa yau darasin labarin ƙasa za a yi ba.

Abu na huɗu, mutanen da za a tarar a hanya. Kowannensu madugu ya rubuta masa layi uku: abin da ya ke so, abin da ya ke tsoro, da abin da ya sani wanda 'yan wasa ba su sani ba. Fatoma mai masauki a Lafiya yana so baƙi su daɗe don ya ci la'ada. Dillali yana so a sayar da wuri. Mai jirgi a bakin kogi ɗansa ba shi da lafiya, shi ya sa ya ninka kuɗin fito. In yara suka tsaya suka tambaye shi dalili, watakila su ba shi magani ya fitar da su kyauta. In suka zage shi, sai su kwana a gaɓa. Mutumin da aka ba bukata ya kan yi motsi da kansa cikin labari, madugu ba ya shan wahalar ƙago masa magana.

Abu na biyar shi ne mafi wuya, nan ne kuwa mu malamai za mu fi tuntuɓe. Kada madugu ya rubuta yadda labari zai ƙare. Masu wannan wasa a ƙasashen Turai suna da zargin da su ke yi wa mugun madugu, su ce ya ɗora 'yan wasa bisa dogo, watau kamar jirgin ƙasa, duk abin da fasinja ya so, inda aka shimfiɗa ƙarfe nan za a bi. Mu kuwa an horar da mu mu shiga aji da amsa guda a aljihu, mu yi ta jan yara har su faɗe ta. A wannan wasa abin da madugu zai shirya shi ne hali da mutane da wuri. In ya shirya cewa ɓarawo zai shiga zango da dare, yara kuwa suka yi dabara suka sa tsaro biyu suka ɗaure wa jakuna ƙararrawa, to, dabararsu ta ci, ɓarawo ya koma hannu wofi. Ranar da yaro ya gane cewa ko ya yi tunani ko bai yi ba abu ɗaya ne zai faru, ranar ya daina tunani.

Daga wannan sai wata ƙa'ida ta fito. Duk labarin da dole yara su sani kafin tafiya ta ci gaba, a buɗe masa ƙofa uku. In ana so su san cewa an gauraya musu gishiri, mai sanin gishiri ta iya ɗanɗanawa, malamin ayari ya iya ganin nauyi bai yi daidai da lissafi ba, ko wata tsohuwa a kasuwa ta yi musu habaici. In suka wuce ƙofa ɗaya, biyu na nan. Har wa yau, kāsawa kada ta tsayar da wasa. In sun kasa ƙetare kogi yau, ba a ce musu an gama ba, sai a ce sun kwana, guzuri ya ragu, ga kuma wani ayari ya iso yana neman abokin tarayya.

Abin da ke mayar da zango goma su zama ayari guda shi ne tunawa. A ajiye littafin ayari, malamin kowace ƙungiya ya rubuta abin da ya faru bayan kowane zama, da Hausa ko da Turanci, ga darasin rubutu ke nan ya samu. Wanda aka yi wa alheri a zango na biyu ya komo ya rama a na bakwai. Wanda aka cuta shi ma ya komo. Lissafi kuma yana tafiya da su. A ba su wuri keso guda, watau 20,000, da jakuna goma, da kaya ashirin, su riƙa fitar da garama da kuɗin fito da abincin dabbobi. Farashin da za a sa cikin wasa malami ne zai daidaita shi da ƙarfin ajinsa, ya kuma gaya musu haka. Yaron da ke gudun raba dogon lissafi zai yi shi da gumi in ya san dillali na shirin cutarsa.

MAGANAR MASU SUKA

Yanzu bari in juya ga waɗanda za su ƙi, gama suna da hujja, bai kuwa kamata a raina ta ba.

Na farko za su ce caca ce. Gaskiya ne Turawa su kan jefa ƙwaya irin ta ludo don su san ko abu ya yiwu ko bai yiwu ba. Gaskiya ne kuma malaman Musulunci da yawa ba su yarda da wasan ƙwaya ba ko da babu kuɗi a ciki, iyaye Kirista ma ba su son ganin ɗansu yana jefa ta. Ra'ayina shi ne kada mu ja da iyaye a kan abin da ba dole ba ne. Wasan yana tafiya sarai ba ƙwaya. Tun 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya kawo shawarar a ajiye ƙwaya da tulin dokoki a wasan sojoji, a bar alƙali mai sani ya yi hukunci. Mu sai mu ba kowane yaro tsakuwa biyar, su ne ƙarfinsa. Abin da ke cikin sana'arsa ya yi shi kyauta. Abin da ba sana'arsa ba, ko ya biya tsakuwa guda, ko ya kawo dabarar da za ta gamsar da madugu. In tsakuwarsa ta ƙare sai ya huta kwana guda, ko ya roƙi ɗan'uwansa. Babu sa'a a ciki, sai tattali da shawara.

Na biyu za su ce tsafi ne, don sun ga hotunan dodanni da matsafa a bangon littattafan Turawa. Wannan ƙara an yi ta a Amurka cikin shekarun 1980, waɗansu iyaye da majami'u suka tayar da hankali, har masu Dungeons & Dragons suka cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Mu ba ruwanmu da wannan rigima, domin ba dodanninsu za mu ɗauko ba. Kogi a cike, da bashi, da ciwon jaki, da dillali mai wayo sun isa su sa zuciyar yaro ta buga.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, ina kuma roƙon 'yan'uwana su karanta shi sau biyu. A aji guda a Lafiya za ka tarar da ɗan Barebari, da Alago, da Eggon, da Gwandara, da Migili, da Tibi, da Bafulatani, da Bahaushe, Musulmi da Kirista, kan benci ɗaya. Tarihin ƙarni na 19 a wannan yanki kuwa yana da hare-hare da kamun bayi a ciki, jiharmu kuma ta ga rikicin ƙabilanci da na manoma da makiyaya a zamaninmu. Malamin da ya shiga aji da sakaci ya ce, "Ku ne maharan, ku kuma ku ne waɗanda aka kama," ya kunna wutar da ba zai iya kashewa ba. Saboda haka ga dokoki uku da ba a karyawa. Kada a taɓa mai da wata ƙabila ko wani addini abokin gaba cikin wasa. Mugu mutum ɗaya ne mai suna na ƙage da dalilinsa. Kowane ayari a gauraya shi, a kuma ba yaro mutumin da ba na ƙabilarsa ba, domin ya ɗanɗana zama a inuwar wani. Kada kuma a sa yaro ya zama bawa ko mai sayen bawa. Wannan babi na tarihi a koyar da shi a zaune, da natsuwa, da gaskiya, ba a ɓoye kome ba, amma a waje da wasa. Kafin a fara ayari a yi zaman share fage, a karanta wa yara dokokin nan, a kuma nuna wa shugaban makaranta abin da aka shirya.

In an kiyaye wannan, abin da a ke tsoro shi zai zama riba. Yaron da ya yi wata uku yana jagaba, ransa a hannun tafinta, dukiyarsa a hannun mai sanin gishiri, ya koyi da jikinsa cewa ba ƙabilar da ta ci kasuwar Lafiya ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma faɗar haka a allo daban, ganinsa a bakin kogi daban.

Na huɗu za su ce ƙarya za ta gauraya da gaskiya, yaro ya kasa rabewa. Maganin wannan shi ne 'yan wasa su zama ƙananan mutane a gefen manyan al'amura. Abin da ya faru ya faru, ba mai sake shi. A watan Oktoba 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a Keffi, ya tsere Kano, wannan kuwa yana cikin dalilan da Turawa suka kafa suka tafi Kano da yaƙi a 1903. Yara ba za su hana wannan ba, ba kuwa za su shiga ciki ba. Labarin zai iske su a kasuwa, sai su yanke shawara ko su bi hanyar Keffi ko su kauce, ko su sayar da kaya da araha su koma gida. A ƙarshen kowane zango a ware minti biyar, malami ya raba allo biyu, gefe guda abin da tarihi ya tabbatar, gefe guda abin da muka ƙaga. Wannan rabewa ita kanta ilmi ce, watakila ma ta fi sauran amfani a zamanin da kowace jita-jita ke shigowa ta wayar hannu.

Na biyar za su ce yara sun yi yawa, lokaci kuwa kaɗan ne. Duk wanda ya fita aikin gwaji a cikinmu ya ga aji mai yara sittin ko fiye. To, a raba su ayari shida, kowanne da ma'aikatansa da mai magana da bakinsa. Malami ya faɗi halin da a ke ciki ga kowa gaba ɗaya, ya ba su minti uku su yi shawara, kowane ayari ya rubuta abin da ya zaɓa a 'yar takarda, sa'an nan a buɗe ɗaya ɗaya. In suka haɗu a kasuwa su yi ciniki da juna. Ban ce a mai da kowane darasi wasa ba. Sau ɗaya a mako ya isa, sauran kwanakin a koyar da abin da za su bukata a zango mai zuwa. Za ka ga yaro yana tambayar nisan Doma daga Lafiya da kansa, domin jakunansa ne za su yi tafiyar. Kuɗin kayan aiki kuwa, alli ne da tsakuwa da tsohon kwali.

Akwai kuma ribar da mu kanmu za mu samu. Ba mai iya tsara zango ɗaya sai ya san ƙasar da zai ratsa da yaran. Dole ya tafi wurin tsofaffi ya durƙusa ya yi tambaya, ya ji yadda a ke dafa gishiri, da inda fatake su ke sauka, da abin da ya sāke sa'ad da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta ratsa Lafiya zuwa Kafanchan cikin shekarun 1920, da kuma bayan an buɗe gadar Makurdi a 1932. Wannan ma wani ayari ne na wata uku, labarin doya da riɗi da tashar jirgi. Tsofaffin nan kuwa ba za su jira mu har abada ba. Kowace shekara a kan binne waɗansu da abin da ke cikin kansu.

Saboda haka ga roƙona ga Shugaban Kwaleji da malamanmu. A ba mu ɗaki guda da yammacin Asabar mu kafa ƙungiyar madugai. Kowane ɗalibi ya rubuta zango ɗaya game da garinsu, na Wamba ya kawo Farin Ruwa, na Awe ya kawo gishiri, na Akwanga ya kawo duwatsunsu. Mu gwada shi a kan junanmu tukuna, mu gyara inda ya yi ɗingishi, kana mu kai shi gaban yara lokacin aikin gwaji, malami mai duba mu yana zaune yana gani. Waɗanda suka yi kyau a tara su a buga ɗan littafi, wanda zai fita ya tafi da shi ƙauyen da aka tura shi. In bayan wata uku aka ga yaran da suka yi wasan ba su fi sauran riƙe darasi ba, a ajiye shi, ba wanda ya yi hasarar kome sai tsakuwa. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Wanda ya ke da wata hujja ta ƙi, shafin nan a buɗe ya ke, ya rubuto mu ji. Wanda kuwa ya yarda, ya fara tun hutun nan: ya sami kakarsa ko wani dattijo na unguwa, ya tafi da littafi da fensir, ya tambaye shi hanyar da a ke bi zuwa kasuwa kafin zuwan mota.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da za a danƙa mana. Haza wasalam.

Daga wani ɗalibi na aji uku, Lafiya.